Mai Tsaron Baya a Dutsen Jiri

Gurye, farkon bazara

Zuwa ga ƙanwata Mal-sun,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ke da yara kuna lafiya a Busan. Ga shi na rubuta da manyan baƙaƙe, tunda kin ce rubutun waya ya yi miki ƙanana.

Raina a ɓace yake. Ƙungiyarmu ta masu hawan dutse za ta ratsa doron Jiri wata mai zuwa, mu kwana a masaukan gandun dajin dutsen har mu kai ƙololuwar Cheonwang. Tun gashina yana baƙi ni nake jan gaba. Yanzu sabuwar shugaba, Uwargida Pyo, ta ce wai ni ne mai tsaron baya! Ni, in bi bayan masu haki ina tsintar safar hannu? Na ce mata, "Uwargida, ƙafata ce ta tsufa ko idonki?" Dariya kawai ta yi. Ko su mayar da ni gaba ko in bar musu ƙungiyarsu.

Ki kula da kanki.
Yayanki, Deok-su

*

Busan

Yaya,

Na gaishe ka da kyau. Wasiƙarka ta iso, har takardar tana huci.

Ka daina zagin baiwar Allah nan, ni na roƙe ta. Na sa sunana a tafiyar. Likita ya ce idanuna suna tafiya, na hagu ba zai kai kaka ba, na dama kuma babu tabbas. A gindin dutsen nan aka haife ni, ina kai muku kimchi, kabejin nan mai yaji, bakin hanya, amma ban taɓa taka kansa ba. Ina so in tsaya a can in gani da idona.

Ka san dokar gandun: wanda ya makara a mashiga, masu tsaro su saukar da shi. Ni ce zan zama ta ƙarshe, kuma ban yarda kowa ya taka bayana ba sai kai. In girmanka ba zai bari ba, faɗa mini, in nemi wani tsohon.

Ka gaida gwiwoyinka.
Ƙanwarka, Mal-sun

*

Gurye

Mal-sun,

Ina gaisuwa. Wani tsohon wa? Kada in sake ji.

Na yi kuka da na karanta, kuma haushinki nake ji da kika ɓoye mini. Amma za ki hau. Daga gobe ki bar hawa lif, ki bi matakala. Takalmin nan da kike zuwa kasuwar kifi da shi, ki jefar. Shinkafa da tukunya suna jakata, ke ruwa kawai za ki ɗauka. Za mu riƙa fita kafin sauran su gama shan miya. Babu mai tsaron da zai juya ƙanwata a kan dutsen da na san kowace saiwarsa.

Sai kin zo.
Yayanki

*

Busan, bayan damina

Yaya,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da karkataccen rubutu, na hagu ya rufe makon jiya. Kada ka zo mini da jajayen idanu, lafiyata ƙalau.

Jiya Uwargida Pyo ta zo duba ni. Na ba ta labarin yadda muka isa ƙololuwa bayan kowa ya sauka, ka riƙe kafaɗata kana nuna mini: ga tsaunin Banya can, ga na Nogodan, ga kogin Seomjin yana ƙyalli. Na ce fari fat na gani, amma na ɗauka laifin idona ne. Sai ta ce, "Wane kogi? Ranar nan hazo ya rufe komai, ko sandar hannunmu da kyar muke gani."

Ashe kai ma ba ka ga komai ba, tsohon maƙaryaci!

Ka kama mana masauki idan ganye ya fara ja, mu sake hawa. Na dama yana nan.

Ƙanwarka,
Mal-sun