Bangon da Ke Tsakanina da Baba

Asabar, 3 ga Mayu

Na fito da lasifikokin Baba daga sito. Guda biyu, kowacce ta kawo min ƙugu, ga nauyin tsiya. Sun girme ni. Da na cire ragar gaba sai na ga soson da ya zagaye bakinsu ya ruɓe, ina taɓawa yana marmashewa. Za su gyaru.

Ɗakin da ke jikin na Baba zan mayar ɗakin sauraro. Na faɗa wa Auta a waya, na ce don Baba ne, ya riƙa jin tsofaffin faya-fayansa. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Yaya." Na ce amin. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya dawo gidana, muryar Baba ba ta kai falo. Shi ya sa ya ƙirƙiro tasa dabarar: ya ɗaga sanda ya doki bango. Ruwa, ƙwas. Matashi ya zame, ƙwas. Labarin wani abokin aikinsa da ya rasu tun ina firamare, ƙwas. Ko a aji, ɗalibi ya buga biro a tebur, sai na ji ƙafata ta motsa.

Ba ƙorafi nake yi ba. Bayani ne.

Asabar, 10 ga Mayu

Sabon soso ya iso. Na kankare tsohon gam da ƴar wuƙa, na shafa sabo, na ɗora. Wahalar ita ce daidaita tsakiya: ana danna takardar lasifikar a hankali da yatsu, ana kasa kunne. In an ji gurza, ta karkace, sai a gyara kafin gam ya kama. Ina cikin wannan, yatsuna duk a kai, sai ƙwas.

Na ce a raina, bari gam ya kama. Ya kama. Na je.

"Uwata, kin daɗe."

"Ina tiyata ne, Baba."

"Mara lafiyar ya tashi?"

"Yana numfashi."

Ya yi dariya da rabin bakin da ke masa biyayya. Ruwa yake so.

Talata, 13 ga Mayu

Na tsaya tsakiyar ɗakin na tafa hannu, bango ya mayar min da tafin. Amsa-kuwa ta yi yawa. Ana buƙatar kafet, labule mai kauri, da allunan soso a jikin bango. Duk abin da na karanta ya ce a fara da bangon gefe, inda sauti ke fara dukan bango ya dawo kunne.

Bangon gefe biyu ne. Na san wanda na fara nuna wa kafinta.

Asabar, 17 ga Mayu

Kafinta ya gama. Bangon Baba ya sha soso ninki biyu daga sama har ƙasa, an lulluɓe da yadi ruwan toka. Ɗayan bangon, allo ɗaya tal. Ya liƙa roba a bakin ƙofa, ya rufe, ya ce yaronsa ya yi magana daga waje. Shiru.

"Hajiya, nan ko gobara ake sai dai ki ji a labarai."

Na ce madalla. Da bakina.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na ɗora faifai a garmaho. Allura ta sauka, ƴar ƙas-ƙas ɗin nan, sai muryar mawaƙiyar ta fito tsakanin lasifikokin kamar tana tsaye a kan kafet. Har jan numfashinta ina ji. Na zauna. Babu wanda ya kira ni uwata, ko Yaya, ko Malama.

Baban da aka yi ɗakin dominsa bai leƙo ba tukuna. Kekensa na guragu ba ya wuce ƙofar, sai an cire robar ƙasa. Na lura da haka tun jiya.

Alhamis, 22 ga Mayu

Da la'asar. Matar da ke kula da shi da rana ta tafi, na leƙa na gan shi yana barci, na shiga ɗakin sauraro na rufe ƙofa. Na ji fuska ɗaya ta faifan, na juya na ji ɗayar.

Da na fito, yana ƙasa, tsakanin gado da ƙofar banɗaki. Ya jingina da bango, wandonsa a jiƙe, sandar a hannunsa mai lafiya. Fentin wurin duk ya ɓantale, ɓarɓashinsa a kan hularsa.

Ban san me na faɗa ba. Na ɗaga shi, na wanke shi, na canja masa kaya. Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Da na kwantar da shi sai ya ce, "Tayil ɗin nan naki akwai sanyi. Na huta."

Likita ya zo ya duba. Babu karaya. Gwiwar hannu ce ta kumbura, saboda dukan bango.

Juma'a, 23 ga Mayu

Auta ta kira. Ina tsaye ina riƙe masa wayar a kunne, ina jira ya faɗa. Ya ce, "Lafiya lau. Yayarki tana ta fama da ni. Ta ma gyara min akwatunan kiɗana."

Da ya zage ni da na samu barci.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ban shiga ɗakin sauraro ba. Na zauna a falo da takardun jarrabawa, ƙofofi duk a buɗe, kunnena a bango. Ko ƙwas.

Laraba, 28 ga Mayu

Ya daina bugawa. Gaba ɗaya.

Na shiga ɗakinsa da rana na tarar da kofinsa a bushe, leɓensa ya tsattsage. Na ce, "Baba, me ya hana ka kira ni?" Ya ce ba ya jin ƙishi. Ya shanye kofi biyu a jere, mutumin da ba ya jin ƙishi. Sandar kuma ya sa mai kula da shi ta jingine ta can bayan ƙofa, wai tana tokare masa haƙarƙari.

Na mayar da ita gefen gadon. Da na dawo, tana ƙasa, ya ture ta ƙarƙashin gado.

Abin da na nema ke nan, ai. Gida tsit. Na yi karatu mai yawa, na san yadda ake samun abin da ake so.

Juma'a, 30 ga Mayu

Na shiga ɗakin sauraro na tafa hannu. Babu amsa-kuwa ko kaɗan. Masana sun ce in soso ya yi yawa ɗaki yakan mutu, sauti ya rasa rai. Da gaske sun faɗi haka, ba ni na ƙirƙira ba.

Asabar, 31 ga Mayu

Ban kira kafinta ba, ba na son bakinsa. Da sukudireba na kwance allunan bangon Baba, ɗaya bayan ɗaya. Na karya farce. Na ɓare robar ƙofa ma, tunda dama tana kama ƙura. Na janyo sandar daga ƙarƙashin gado na ajiye a kan bargonsa.

Bayan azahar na ɗora faifan, na rage sauti. Gaskiya sautin ya lalace. Muryar matar tana yawo, motocin titi suna shigowa, firij yana gurnani. Na zauna a bakin kujera kamar mai jiran layin asibiti. Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce.

Ƙwas.

Na yi tuntuɓe da wayar lasifika, saura kaɗan in kayar da abin da na yi wata ina gyarawa. Na same shi a kwance lafiya, sanda a hannu, yana kallon silin.

"Baba, mene ne? Ruwa? Banɗaki?"

"Kin cika gaggawa, uwata. Waccan da ta wuce. Mayar da ita, ki ƙara murya. Mamanku ba ta taɓa bari na ji ta har ƙarshe ba."

Na mayar. Ya sake bugawa, na sake mayarwa. Sai da na gaji da zirga-zirga na ce gobe zan turo kekensa ciki, ya daina wahalar da bangon mutane.

Saboda sauti na cire allunan. In Auta ta tambaya, haka zan ce.