Na Sassauta wa Baba Maganar Likita

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni tafinta ce. Shekara shida ina fassara takardu a ofis, daga ni sai kwamfuta, ba mai ce mini sannu. Bara na fara aikin sa kai a wani ƙaramin asibiti duk Asabar, ina shiga tsakanin likita da marasa lafiyar da ba sa jin yarensa. Wallahi a can na san daɗin sana'ata. Akwai wani tsohon tela, kowa Baba yake ce masa. Ba ya shiga wurin likita sai ya leƙa ya ga ina nan. "Bakina" yake kirana. Har hannun riga ya taɓa gyara mini a bencin jira, yana mita wai telana da ƙafa yake ɗinki.

Makon jiya likita ya ce ciwon Baba ya wuce a yi aiki, sai dai a riƙa rage masa zafi. Baba ya zuba mini ido yana murmushi. Sai kawai na ji na ce za a ci gaba da magani. Ya sa mini albarka, ya tafi. Abokiyar aikina ta ce na ci amanar sana'a, wai dama aikin kyauta ke lalata tafinta. Ni yanzu na rasa, 'yarsa ce ni ko tafintarsa? In daina zuwa ne?

Mai neman mafita

Ƙanwata, kar ki daina. Abokiyarki tana da gaskiya ta wani gefen: maganar ta likita ce, jikin na Baba ne, ba ki da hurumin ɓoye masa. Wataƙila akwai ɗan da yake so ya kira, ko wanda yake so ya yafe wa. Amma ta yi kuskure da ta ɗora wa sa kai laifi. Tausayin da kika koya a asibitin nan, takarda ba za ta koya miki shi ba.

Ki samu likitan kafin Asabar, ki gaya masa abin da kika yi ba kwana-kwana. Ki roƙe shi ya sake zama da Baba, a kira wani nasa. Wannan karon ki faɗi duk abin da aka ce. Tausayin ki sa shi a murya, ki ja kujera kusa da shi, in ya yi shiru ki yi shiru. In kuka ya zo miki, ki daure har ki kai ƙarshen maganar.

Allah ya ba Baba sauƙi, ke kuma ya ƙarfafa miki zuciya.