Shagona a Hawa na Ashirin da Ɗaya

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da mahaifiyarka. Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafar nan, ya raya muku yara. Mu nan lafiya lau, in ka cire ciwon bayan da ka san ni da shi. Ƙanwarka ta sauka lafiya watan jiya a can gidan mijinta, an samu mace, ban samu zuwa ba tukuna. Gida yana nan yadda ka bar shi. Tun rasuwar matata, ni ne mai buɗe ƙofa, ni ne mai rufewa.

Na ga saƙonka. Ka ce hukumar garinku na shawarar gina dogon bene irin namu, wai don gari ya farka, masu jari su shigo, kuma an sa ka cikin masu ba da shawara. Ka ce tunda a cikin benen nake ɗinki, in faɗa maka yadda abin yake. Sau uku kana tambayata a waya ina ce maka sai godiya, kai ma ka san wannan ba amsa ba ce. Yau na ajiye almakashi na ɗauki biro. Labarin Mai Guga zan ba ka, abokina da muka yi shekara talatin da ɗaya bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa. Saboda benen nan muka ɓata, kuma ba abin da na so a raina kamar mu shirya.

Lokacin da kamfanin da ya gina benen ya rushe layin shagunanmu, mu goma sha huɗu aka ba zaɓi: ko ƙananan shaguna a ƙasa ta bayan ginin, kusa da janareto, ko manyan ɗakuna masu tagar gilashi a hawa na ashirin da ɗaya. Ka san kawunka da baki. Na miƙe a gaban mutane na yi ta zuba, na ce mun gaji da ƙura da hayaƙin mota, lokaci ya yi da mu ma za a ɗaga kai kafin a gan mu. Mai Guga ya bari na gama, sannan ya ce tela da mai guga da ƙafar masu wucewa suke cin abinci, shi kuwa bai taɓa ganin mai wucewa a sama ba. Na ce masa ƙauyanci ne ke damunsa, aka yi dariya. Maganata aka bi, shi ma ya biyo mu don kada ya bar ni.

Ba zan zalunci benen ba. An gyara titi, an sa fitilu, banki da otal sun kama hawa na ƙasa, matasa da dama sun samu aiki. Amma daga hawa na tara zuwa na talatin, ban da mu, ɗakuna ne kawai da ledojinsu ba a ko cire ba. Garinmu bai da mutanen da za su cika wannan gini, abin da ba wanda ya lissafa ke nan.

Ka san yadda muke aiki a ƙasa. Tela a bakin ƙofa yake ajiye kekensa, fuskarsa na kallon titi. Mutum zai fito sayen wani abu daban, ya tsaya gaisuwa, ya tuna aljihunsa ya yage, gobe ya dawo da yadi. Labarin haihuwa da na rasuwa duk a bakin keken nan suke iske ka kafin ka gama wuyan riga. Ranar da muka tare, dukkanmu muka jera kekuna a bakin ƙofa kamar yadda muka saba, muka zauna muna kallon farin bango. Wallahi sai da muka yi mako guda a haka kafin wani ya ji kunya ya juya nasa. Tsofaffin kwastomomina mata suka ce ba za su shiga lif ba, akwatin da ke rufe mutum ya yi sama da shi. In an ɗauke wuta kuwa, sai wanda ya shirya taka matakala.

Mai Guga ya fi kowa shan wuya. Da dutsen gawayi ya saba, ranar farko da ya hura shi ƙararrawar gobara ta tashi, masu gadi suka hau da gudu suka yi masa faɗa kamar ƙaramin yaro. Aka hana shi gawayi, ya koma na lantarki, ga gwiwa ta ƙi matakala. Wata takwas ya jure. Ranar da zai tafi ya shigo shagona ya ce ya samu rumfa a bayan tasha, akwai wurin keke ɗaya a gefensa, in zo mu tafi. Da na ce to, da ba wannan takardar nake rubuta maka ba. Girman kai ya hana ni. Na ce masa ya sauka lafiya, mu da muka san darajar kanmu muna nan. Ya ɗauki teburinsa ya fita. Sauran ma suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ni kaɗai ne a hawan.

Kaɗaici ba daɗi, ɗana. In na tsayar da keke, ƙarar agogona nake ji. Na juya keken ya kalli taga, daga nan ina hango tasha da rufin rumfunan bayanta, mutane ƙanana kamar tururuwa. Tagar ba ta buɗuwa. Sau nawa na ɗauki waya in kira shi, sai in ga maganar ta fi ƙarfin waya. Na yanke shawarar in ɗinka masa riga, in kai da hannuna, in ce na yi kuskure. Awonsa yana kaina, ban buƙaci tef ba. Na yi ta jan aikin, yau in ce wuya bai zauna ba, gobe in warware hannu. Gaskiyar magana, ba rigar ce ba ta kammalu ba, ni ne ban shirya ba.

Ranar Talatar makon jiya, bayan azahar, ina sa maɓallai na hango jama'a sun fito ta bayan tasha ɗauke da makara, sun nufi hanyar maƙabarta. Na ce Allah ya jiƙan wanda ya rasu, na ci gaba da aikina. Ranar Juma'a na naɗe rigar na sauka. Na tarar da teburinsa a kife, dutsen gugar na gefe ba wuta. Mai gyaran takalmin da ke kusa ya miƙe ya riƙe hannuna yana yi mini gaisuwa, ya tambaye ni ko tafiya na yi, don an yi ta dubawa ba a gan ni a wajen jana'iza ba. Ya ce ciwon kwana biyu ne, kuma kowa ya ɗauka wani ya riga ya faɗa mini. Na tambaye shi wace rana ce. Ya ce Talata, bayan azahar.

Da idona na ga ana tafiya da shi, Injiniya, ina zaune ina sa wa rigarsa maɓalli. Na je gidansa na yi ta'aziyya, matarsa ta ce har ya kwanta bai yarda an ba kowa wurin keken nan ba. Ban san yadda na fito daga gidan ba.

Ni ba mai ilimi ba ne, ba zan ce ku gina ko ku fasa ba. Amma in kun zauna, ka tambaye su wa zai zauna a sama, su wa za a tayar daga ƙasa, kuma in an raba su, wa zai riƙa kai musu labarin juna.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka, Yaya Babba, ka ce mata ta sa Mai Guga a addu'a, ta san shi. Ka gai da mai ɗakinka, da takwarana, da Auta mai ƙiriniya. In ka samu hutu ka zo, ko na kwana biyu ne. In ka hau benen, shagona ƙofa ta ƙarshe ce ta hannun dama, ba sai ka yi tambaya ba, ita kaɗai ce a buɗe.

Ka huta lafiya.

Kawunka,
Tela