Na ba Inna wiwi don ciwo, ƙanina ya sa aka kama ni

Assalamu alaikum, mai kula da shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ƙarshen magana kafin ku yanke mini hukunci.

Ni dillalin hatsi ne, ina sarowa a Roni in kai Babura. Da awon kwano na fara, ba wanda ya ɗaga ni. Bara mahaifiyarmu, Inna, ta kwanta da ciwon daji, asibiti suka ce a koma gida a yi ta addu'a. Ni na ɗauko ta gidana a Kazaure, ni ke juya ta, ni ke jin nishinta. Wani abokin ciniki ya ce a wasu ƙasashe likita kan rubuta wa irinta tabar wiwi, har a ba mai jinya takardar izinin riƙewa. Ban tsaya tambayar ko dokarmu ta yarda ba. Na samo, ina dafa kaɗan ina zuba mata a kunu. Ban taɓa gaya mata ba, kunyar wannan tana wuyana har yau. Amma ta yi barci, ta ci tuwo, har ta ce, "Babba, kunun nan naka da albarka."

Ƙanina ma'aikacin gwamnati ne, ranar Juma'a kawai yake leƙo mu da lemo a leda. Ya ji warin tukunyar, ya ce, "Yaya, uwarmu kake ba kayan 'yan tasha?" Na ce, "To zo ka yi kwana biyu da ita, ka kawo naka maganin." Bai zo ba, jami'an hana miyagun ƙwayoyi ya turo. Na yi bayani, babbansu ya ce, "Alhaji, dokar ƙasar nan ba ta ware mai jinya ba. Riƙewa laifi, bayarwa laifi." Kwana tara na yi a tsare kafin beli. A na bakwai Inna ta rasu tana kirana. Wa ya zauna kan tabarma yana karɓar gaisuwa? Shi.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Duk kaka nakan aika wa gidansa buhun gero. Bana ma na aika, dangi sai yabon haƙurina suke. A tsakiyar buhun na cusa ragowar ƙullin da jami'an ba su gano ba, na ɗinke da hannuna. Lambar babbansu tana wayata. Kira ɗaya, aikin ƙanina ya tafi, shi ma ya ɗanɗani simintin da na kwanta a kai. Ashe ba adalci ba ne?

Sai jiya matarsa, wadda ta yi wa Inna wankan gawa, ta bugo: "Yaya, Allah ya ƙara buɗi, ranar Asabar za mu buɗe a kai surfe." Buhun yana ɗakinta, ita za a fara tambaya. Yau Alhamis, kuma wallahi zuciyata ba ta huce ba. Me zan yi?