Na Warware Saƙar Gwaggona a Ɓoye

Anti, don Allah ki taimake ni, abin duniya ya ishe ni. Sana'ata saƙa ce, ina yin rigunan sanyi na jarirai da huluna da safa a ɗan ɗakin da ke bayan gidanmu. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta raine ni, ita ta fara ɗora min allurar saƙa a hannu. Kullum da hantsi za ta zo ta zauna bakin taga, ni ina saƙa jikin riga, ita tana hannuwa.

To yanzu idonta ya yi rauni, amma ko kusa ba ta yarda a faɗa. Sai hannu ɗaya ya fito a matse, ɗayan sako-sako kamar na wani yaron daban. Wata mai jego ta dawo min da riga, mai shagon da ke sarar kayana ma ya fara ƙorafi. Na rasa bakin da zan gaya wa Gwaggo. Sai na koma idan ta tafi gida in warware aikinta in sake, washegari kuma in yi ta yaba mata.

Makon jiya tana lalube a kwando ta ci karo da ragowar ulun da na warware. Kin san zaren da aka taɓa saƙawa ba ya komawa santal, duk a nannaɗe yake fitowa. Ta daɗe tana murza shi a yatsunta, ta ajiye alluranta ta tafi. Har yau ba ta dawo ba. Na je gaishe ta, ta amsa min kamar baƙuwa. Wallahi kunya da baƙin ciki sun hana ni sakat. In na mayar mata da aikin masu saye za su gudu, in na bar ta haka na rasa uwa. Yaya zan yi?

Mai Saƙa

’Yata Mai Saƙa, ki kwantar da hankalinki, abin bai lalace ba. Kina da gaskiya wajen kare sana'arki, babu mai sa wa jaririnta riga hannu ɗaya ya fi ɗaya. Inda kika kuskure shi ne yabon. Raunin ido Gwaggo ta riga kowa sani. Abin da ya ƙona mata rai shi ne yarinyar da ta koya wa saƙa ta mayar da ita wadda ake lallaɓawa.

Ki je ke kaɗai, kada ki aiki kowa. Ki faɗa mata abin da kika yi da dalilinki, ki nemi gafara ba tare da kame-kame ba. In ta huce ki raka ta wurin likitan ido, sau da yawa tabarau kaɗai ya isa. Hannun riga kuwa ki riƙe abinki, ki roƙe ta ta karɓi saƙar mayafin jarirai da zare mai kauri, wanda yatsu ke gani ko ido bai gani ba.

Kuma ki tafi da zaren nan da ta gani. Ki ajiye shi a gabanta ki tambaye ta yadda ake miƙar da shi. Na tabbata ta sani, kuma ta jima ba ki tambaye ta komai ba.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya sa albarka a hannuwanku ku biyu.