Na Ɗauki Takalman Maite

Aurelio,

Kana barci na fita. Motar ƙarfe shida zan kama zuwa garin Coyhaique, daga can kuma ƙafa ce cikin duwatsu, sati biyar ko shida. Na ɗauki jakar goyon Maite da tantinta da takalmanta. Takalman sun yi mini yawa, sai na ninka safa.

Ba sai ka tambayi dalili ba, a gabanka aka yi. Jiya wajen gashin nama mahaifiyarka ta dube ni cikin mutane ta ce, "Ke Nélida, kukan ya isa haka. Shekara guda fa! A kanki aka fara binne 'ya?" Na juyo ina jiran bakinka. Kai kuwa ka ci gaba da juya namanka, har ka ce wa ƙaninka, "Miƙo gishiri." 'Yarmu ce, Aurelio, ba ni kaɗai na haife ta ba.

A gidan nan ko sunanta na ambata sai kowa ya sunkuyar da kai. Zan je inda zan ƙwala mata kira babu mai cewa in yi shiru. Ban sani ba ko zan warke, amma a nan dai ba zan warke ba.

Waya ba ta kamawa a can, kada ka wahalar da kanka.

Abu ɗaya: kada ka bari kowa ya kwashe ɗakinta. Makullin yana cikin gwangwanin shayi. Ka shiga kai kaɗai, ka zauna a bakin gadonta. Tun da muka dawo daga maƙabarta ba ka taka ɗakin ba.

Nélida