Turakunku Suna Nutsewa a Kan Rijiyar Yayana

Zuwa ga Shugaban kamfanin da zai gina benayen alfarma a bayan unguwarmu, Gwarzo.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali da ma'aikata suna lafiya. Ni tsohon mahaƙin rijiya ne. Sau biyu ina zuwa ofishinku, sau biyu maigadi yana ce mini sai Juma'a ake ba da sadaka. Ba bara ta kai ni ba, shi ya sa na rubuto kowa ya gani.

Na ɗaya. Akwai matattun rijiyoyi huɗu a ƙarƙashin filin da kuka share. A sana'armu, in rijiya ta mutu, gumagumai muke jerawa a bakinta, mu zuba ƙasa, mu dasa bishiyar aduruku don shaida. Adurukun nan su katafilarku ta fara tumɓukewa.

Na biyu. Ɗaya daga cikinsu kabari ce. Ta rufta da yayana Ilu ina riƙe da igiyarsa. Kwana uku muna tono ƙasa na komawa, har liman ya ce a haƙura. A bakinta muka yi masa salla muka rufe, igiyar ma tana ciki.

Na uku. Daidai wurin masu awonku suka kafa turken siminti. Da ƙaramar Salla yana kai mini gwiwa, yanzu sai na share ƙasa da ƙafa nake ganin kansa. Suka dawo suka kafa wani, wai mu muke sacewa. Haba jama'a! Me zan yi da turke? To, na biyun ma ya fara bin ɗan'uwansa. Ciyawar wurin kore shar take da rani tsaka, amma ko akuya ba ta taɓa ta, kewayewa take yi. Da azahar na ɗora tafin hannu a kan wata tsaga da ƙasar wurin ta yi, na ji iska mai sanyi tana fitowa a hankali, ta tsaya, ta sake fitowa. Ni ban ce wani abu ba ne. Abin da na ji na faɗa, kuma wallahi tsoro ya kama ni.

A hoton da kuka kafa a bakin titi kuwa, daidai kan rijiyar nan kuka zana wurin wasan yara, har da lilo.

Roƙona biyu ne. Ku turo injiniyanku in nuna masa rijiyoyin nan tun ina numfashi, don duk waɗanda muka rufe rijiyoyin tare sun riga ni gidan gaskiya. Sannan ku kewaye ta Ilu, ku bar ta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ƙara maka arziki, ya tsare maka zuriya. Ilu ya daɗe shi kaɗai a ƙasan nan, ranka ya daɗe. Kada ku kai masa 'ya'yan mutane.

Wassalam.

Isiyaku mahaƙin rijiya, Gwarzo